Fiyano ko Manhaja: Zaɓin Kayan Haɗa Kiɗan Zamani

Gabatarwa

Mafi yawan waƙoƙin zamani da ake ji a gidajen rediyo da wayoyin hannu da wuraren biki a Arewacin Nijeriya, ba a tara makaɗa wajen yin kiɗansu. Mutum ɗaya ne yake zama a ɗakin ɗaukar sauti, wato situdiyo, ya haɗa amon ganga da na sarewa da na tsarkiya har su zama kiɗa guda. Hanyoyi biyu ake bi wajen wannan aiki. Ta farko ita ce amfani da na'ura mai maɓallai wadda aka ƙera musamman domin kiɗa, wadda Hausawa suke kira fiyano. Ta biyu kuwa ita ce amfani da manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta ko a waya, ta riƙa fitar da amon kayan kiɗa iri-iri.

Matashin da yake son shiga wannan sana'a a gari kamar Maiduguri yakan tsaya a tsakanin hanyoyin nan biyu. Sau da yawa kuɗin da ke hannunsa na adashi ne, ko na wata dabba da aka sayar, ko kuma rance daga 'yan'uwa. Idan ya sayi abin da bai dace da aikinsa ba, da wuya ya sake tara irin wannan kuɗi cikin ɗan lokaci. Wannan darasi zai bayyana yadda kowace hanya take aiki, da tarihinta a taƙaice, da abubuwan da ya kamata a auna kafin a kai hannu aljihu.

Yadda na'ura take samar da sauti

Duk wani sauti daga girgiza yake fitowa. Idan makaɗi ya bugi fatar ganga, fatar tana girgiza, ta girgiza iskar da ke kewaye da ita, iskar kuma ta kai girgizar ga kunne. Yawan girgiza a cikin sakan ɗaya shi ne yake sa amo ya yi sama ko ya yi ƙasa. Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana jin girgiza daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Amon da masu kiɗan Turai suke saita kayansu da shi yana girgiza sau 440 a sakan. Idan aka ninka shi ya zama 880, sai a ji amon nan dai amma a sama. Tsakanin waɗannan biyu an raba tazarar zuwa matakai 12, kuma su ne maɓallai farare da baƙaƙe da suke maimaituwa a jikin fiyano.

Na'ura tana samar da amo ta ɗayan hanyoyi biyu. Akwai wadda take ƙirƙirar girgizar da kanta daga wutar lantarki, sannan ta tace ta, ta siranta ta ko ta kaurara ta, har ta fitar da amon da ake so. Irin wannan ita ake kira sintesaiza, wato na'urar harhaɗa sauti. Akwai kuma wadda aka naɗi amon kayan kiɗa na gaske aka adana a cikinta, idan aka danna maɓalli sai ta saki wannan amo. Ƙaramin yankin sautin da aka naɗa shi ake kira samfuri. Mafi yawan fiyanon da ake sayarwa a kasuwanninmu da samfuri suke aiki, kuma suna ɗauke da shiryayyun salon kiɗa waɗanda suke bin hannun hagun mai kaɗawa.

Manhajar kiɗa ma waɗannan hanyoyi biyu take bi, sai dai ƙwaƙwalwar kwamfuta ce take yin lissafin. Ke nan fiyanon zamani shi ma ƙaramar kwamfuta ce da aka rufe a cikin akwati, ba ta san wani aiki ba sai kiɗa. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu ya fi ƙarfi a wajen kuɗi da wuta da juriya da sauƙin aiki, fiye da a wajen asalin sautin.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1964 wani injiniya ɗan Amurka, Robert Moog, ya fara ƙera sintesaiza mai maɓallai domin sayarwa. Na farkon manya ne ƙwarai, ga tsada, sai jami'o'i da manyan kamfanonin kiɗa suke iya mallakarsu. A 1970 aka fitar da Minimoog wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Daga nan kamfanonin Japan suka shigo. Casio ya fara sayar da ƙananan fiyano masu araha a 1980, Yamaha kuma ya fitar da DX7 a 1983 a kan kusan dala 2,000, aka sayi fiye da guda 100,000. A wannan shekarar ce kuma kamfanonin Amurka da na Japan suka amince da wata ƙa'ida mai suna MIDI, wadda take ba na'urorin kiɗa damar aika wa juna saƙo: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, kuma yaushe aka sake shi. Har yau da ita fiyano yake magana da kwamfuta.

A ɓangaren manhaja, kamfanin Steinberg na Jamus, mai manhajar Cubase, ya fito da tsarin VST a 1996, kuma daga 1999 aka fara ɗora kayan kiɗa na manhaja a kansa. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Beljiyam ya fitar da FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Ita ce ta zama abokiyar aikin dubban masu haɗa kiɗa a Afirka. DX7 ɗin nan da ya kai kusan dala 2,000, a yau akwai manhaja mai suna Dexed da take kwaikwayon amonsa, kuma kyauta ake saukar da ita.

Yankinmu bai makara wajen karɓar waɗannan na'urori ba. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa da ogan na lantarki a 1978, gidajen rediyo da talbijin na ƙasar suka daɗe suna sa shi a tsakanin shirye-shirye, kuma an sake buga aikin a Amurka a 2013. A Inugu, William Onyeabor ya yi fayafayai da sintesaiza a shekarun 1970 da 1980. A ƙasar Hausa kuwa, finafinan bidiyo ne suka buɗe ƙofa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya* a Kano a 1990, masu shirya finafinai sun buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi da saurin haɗuwa. Ƙananan fiyanon Casio, daga baya kuma jerin PSR na Yamaha, su suka biya wannan buƙata. Karɓuwar da waƙar fim ɗin *Sangaya* na 1999 ta samu ta nuna cewa kiɗan fiyano ya zauna da gindinsa. Mawaƙan siyasa da na biki da wasu daga cikin sha'irai masu bege duk suka rungume shi. Da kwamfuta ta yi araha, situdiyoyi suka haɗa fiyano da manhaja, kuma a kan wannan tsari aka yi mafi yawan waƙoƙin irin su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Ali Jita da Nura M. Inuwa.

Abu na farko: kuɗi

Wanda ya sayi fiyano ya sayi kaya cikakke a akwati ɗaya: maɓallai, da ɗaruruwan amo, da salon kiɗa, da ƙananan lasifikoki a jikinsa. Ƙananan fiyanon koyo suna da maɓallai 61, kuma ranar da aka saye su ake fara aiki da su. Sai dai abin da aka zuba a ciki shi ke nan, musamman a masu araha. Wanda ya gaji da amonsa, sai ya sayi wani. Akwai kuma ƙananan sintesaiza masu sauƙin kuɗi, kamar jerin Volca da kamfanin Korg ya fara fitarwa a 2013, da kwaikwayon Minimoog da kamfanin Behringer yake ƙerawa. Suna da daɗin amo, amma kowanne ɗan aiki kaɗan yake yi, ba zai haɗa waƙa cikakkiya shi kaɗai ba. Saboda haka sun fi dacewa da wanda ya riga ya mallaki situdiyo, yana neman ƙarin launi.

Manhaja kuwa a ido tana da araha, domin wasu ma kyauta ne, kamar LMMS da Audacity a kwamfuta, ko BandLab a waya. Amma manhaja ba ta tsayuwa da ƙafarta. Tana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da katin sauti, da lasifika ko abin sawa a kunne, da ƙaramin allon maɓallai na MIDI wanda shi ba ya fitar da amo sai an jona shi. Tana kuma buƙatar data domin saukar da samfura masu nauyi. Wanda yake da kwamfuta tun farko, hanyar manhaja ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da ita, idan ya tara kuɗin waɗannan kaya duka, zai iya tarar da sun kai ko sun wuce kuɗin matsakaicin fiyano.

Dukkan kayan nan daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. A farkon watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya sa mutane da yawa suka koma sayen na hannu. A nan fiyano yana da wata fa'ida: kadara ce. Idan aka kula da shi, ana iya sayar da shi bayan shekaru a mayar da wani kaso na kuɗin. Lasisin manhaja kuwa yana da wuyar sayarwa, wasu kamfanonin ma sun hana, kuma darajar kwamfuta tana saurin faɗuwa.

Akwai jarabar amfani da manhajar sata, wadda ake ɗora wa mutane a shagunan gyaran kwamfuta a kan kuɗi kaɗan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Irin wannan manhaja takan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, takan tsaya cak a tsakiyar aiki, kuma cin haƙƙin waɗanda suka ƙirƙire ta ne. Mawaƙin da yake kukan ana kwafar waƙarsa ba a biya shi ba, ya kamata ya fi kowa gane wannan.

Abu na biyu: wutar lantarki

Mazauna Maiduguri sun san muhimmancin wannan batu. A watan Janairu na 2021 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun da suke kawo wuta daga Damaturu. An gyara su a watan Maris, aka sake fasa su bayan 'yan kwanaki, garin ya yi watanni da yawa cikin duhu. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, domin rage wa birnin dogaro da layi ɗaya. Bayan kusan wata uku aka cire tallafin man fetur, kuɗin tayar da janareta ya ninka. Duk mai sana'ar da take buƙatar wuta dole ya yi lissafinta kafin ya sayi kaya.

Ga misalin lissafi. A ɗauka ƙaramin fiyano yana cin wat 15. Idan aka yi aiki da shi na awa 6, ya ci wat-awa 90. A ɗauka kuma kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wat 60, lasifikoki biyu suna cin wat 40, jimla wat 100. A awa 6 sun ci wat-awa 600. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma idan irin na dalma ne, rabin wannan kawai ake so a riƙa zuƙa domin kada ya mutu da wuri. Ke nan batirin da zai riƙe kwamfuta da lasifikokinta yini ɗaya, zai riƙe fiyano kwana shida. Ainihin abin da kowace na'ura take ci yana rubuce a jikin cajarta, kuma ɗalibi zai iya maimaita wannan lissafi da alƙaluman da ya gani da idonsa.

Ƙananan fiyano da yawa suna aiki da ƙananan batura shida irin na tocila, don haka ko a ƙauyen da babu wuta ana iya kaɗa su. Kwamfutar tafi-da-gidanka ita ma tana da batir a cikinta, wanda yake kare aiki idan aka ɗauke wuta. Babbar kwamfutar tebur ce ta fi haɗari, domin tana cin wuta da yawa, kuma da zarar an ɗauke, aikin da ba a adana ba ya tafi. Kowace hanya aka bi, wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙona kaya. Sayen na'urar daidaita wuta ya fi sayen sabon fiyano sauƙi.

Abu na uku: yanayi da gyara

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40. Kwamfuta tana da fanka a cikinta wadda take zuƙo iska domin sanyaya ƙwaƙwalwarta. Idan zafi ya yi yawa, sai ta rage gudu da kanta, kiɗa ya riƙa yankewa. Lokacin hunturu kuma fankar nan ƙura take zuƙowa. Ƙananan fiyano ba su da fanka, sun fi jure zafi, amma ƙura tana shiga ƙarƙashin maɓallansu ta toshe robar da take karɓar dannawa, sai wani maɓalli ya daina amsawa. Rufe kaya da kyalle bayan aiki ƙaramar ɗabi'a ce da take ƙara musu shekaru.

Wajen gyara kwamfuta ta fi sauƙi, domin masu gyaranta suna da yawa a kowane babban gari, kayan gyaranta ma suna samuwa. Masu gyaran fiyano ba su kai haka yawa ba. Wani lokaci sai an aika da shi Kano, tafiyar kusan kilomita 600 ta Damaturu da Potiskum, ko a jira kayan gyara daga kasuwar Alaba ta Legas. Makonnin da aka yi ana jira, makonni ne na rashin aiki.

Akwai kuma bala'in da ba a shirya masa ba. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Monday Market a watan Fabrairu na 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, sun lalata dukiyar dubban mutane. Idan ruwa ko wuta suka ci fiyano, ya tafi ke nan. Idan suka ci kwamfuta, ita ma ta tafi, amma lasisin manhajar halal yana nan a asusun mai shi, kuma ayyukan da ya ajiye kwafinsu a intanet ko a wani gida za su dawo. Don haka duk mai haɗa kiɗa ya kamata ya ajiye aikinsa a wuri fiye da ɗaya.

Abu na huɗu: inda za a yi aikin

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: a ina kuɗin mai kayan zai fito? Idan daga wuraren biki ne, kamar daren wushe-wushe na bikin Kanuri, ko kamu, ko taron suna, ko majami'a, fiyano ya fi dacewa. Ana kunna shi cikin 'yan sakanni, ba ya neman sabuntawa a tsakiyar taro, kuma idan mawaƙi ya ga wani babban baƙo ya shigo ya sauya waƙa, mai fiyano zai bi shi nan take.

Kwamfuta tana da wata matsala da ake kira jinkirin sauti. Yawanci tana sarrafa yanki 44,100 na sauti a kowane sakan, kuma tana tara su rukuni-rukuni kafin ta sake su. Idan rukunin yanki 256 ne, jinkirin kusan kashi 6 ne cikin 1,000 na sakan, kunne ba zai damu ba. Idan kwamfutar mai rauni ce, har sai an ɗaga rukunin zuwa 2,048, jinkirin ya kai kashi 46 cikin 1,000. A nan mai kaɗawa zai danna maɓalli, amo ya biyo baya a makare, kiɗa ya rikice. Katin sauti mai kyau shi yake rage wannan matsala.

Idan kuwa aikin na situdiyo ne, wato naɗar waƙa, da tallan rediyo, da kiɗan fim, manhaja ce take gaba. Tana ba da damar jera layukan sauti masu yawa, a gyara kuskuren bugu ɗaya ba tare da an sake kiɗan duka ba, a daidaita murya, sannan a tura wa mai waƙa aikinsa ta WhatsApp. Fiyano mai araha ba ya iya wannan. Ko wanda ya haɗa kiɗansa a fiyano, a ƙarshe sai ya bi ta kwamfuta kafin waƙar ta fita.

Wajen koyo ma akwai bambanci. Fiyano yana horar da yatsu da kunne, domin ba ya yin komai sai an kaɗa shi. Manhaja tana ba mutum damar zana kiɗa a allo ko da bai iya kaɗawa ba. Wannan sauƙi ne, amma yana iya sa ɗalibi ya dogara da shiryayyun salo, har kiɗansa ya yi kama da na kowa.

Abu na biyar: amon gida

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar *wuya* idan ta fara da sama ta sauka tana nufin sashen jiki, idan ta fara da ƙasa ta hau tana nufin wahala. Kanuri ma yana da karin sauti. Kayan kiɗan gargajiya sun tashi tare da waɗannan harsuna. Mai kalangu yana matse igiyoyinsa a hammata, amo ya hau, ya sassauta, amo ya sauka, har kalangu ya faɗi kirari mai sauraro ya gane. Goge da kukuma da algaita suna zamewa a tsakanin amo da amo, suna taɓa wuraren da babu su a cikin matakai 12 na fiyano.

Kamfanonin da suke ƙera fiyano ba su naɗi kalangun Mamman Shata ba, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko ƙwaryar Barmani Choge. Haka nan babu *ganga kura* ta Kanuri ko *tsinza* ta Bura a cikin fiyano mai araha. Abin da masu kaɗawa suke yi shi ne su nemi amon da ya fi kusa, su lanƙwasa shi da ɗan gargaren da ke gefen hagu wanda yake ɗaga amo ko ya sauke shi. Sakamakon yana da daɗinsa, har ya zama salo mai zaman kansa, amma wanda ya saba da kalangu na gaske yana jin bambanci.

A wannan fage manhaja tana da babbar dama. Mai situdiyo zai iya gayyatar makaɗin gargajiya, ya naɗi bugunsa, ko dai a matsayin samfura ko kuma a waƙar kai tsaye. Manyan fiyano ma suna karɓar samfura, amma tsadarsu ta fi ƙarfin mai farawa. Sai dai akwai haƙƙi a nan. Fiyano ɗaya ya maye gurbin makaɗa biyar ko shida a wurin biki, kuma waɗannan mutane ne masu iyali, da yawansu gadon sana'ar suka yi. Idan aka naɗi bugun makaɗi sau ɗaya aka yi ta amfani da shi a waƙoƙi masu yawa, adalci shi ne a yi yarjejeniya da shi tun farko, a biya shi, a kuma ambaci sunansa. Situdiyon da yake yin haka yana samun amon da babu irinsa a wani wuri, makaɗin kuma yana samun dalilin koya wa ɗansa.

Yadda za a yanke shawara

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da shawarwari kamar haka:

1. Wanda zai riƙa bin mawaƙi zuwa wuraren taro, ko yake zaune inda wuta ba ta tsayawa, ya fara da fiyano.
2. Wanda yake da kwamfuta, kuma burinsa naɗar waƙa ne, ya fara da manhajar kyauta, ya sayi katin sauti da abin sawa a kunne mai kyau.
3. Wanda bai tabbatar da cewa sana'ar za ta karɓe shi ba, ya gwada a wayarsa na 'yan watanni, ko ya zauna a ƙarƙashin mai situdiyo a matsayin ɗan koyo, kafin ya kashe kuɗi.
4. Wanda zai sayi fiyano ya duba cewa yana da kafar USB ko ta MIDI. Da ita fiyanon zai zama allon maɓallai na kwamfuta idan ya samu halin sayenta daga baya, ya ci moriyar hanyoyin biyu.
5. Wanda zai sayi na hannu ya tafi da masani. A danna kowane maɓalli a hankali da kuma da ƙarfi, a gwada lasifika da kafofin jonawa, a bar shi a kunne na ɗan lokaci, a kuma tabbatar cajarsa ta asali ce.
6. Kada a kashe kuɗin duka a kan na'ura. A ware wani kaso domin wuta da wayoyin jonawa da gyara.

Kammalawa

An ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Cikin shekaru kusan talatin kiɗan ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya tashi daga hannun ƙungiyar makaɗa zuwa fiyano, daga fiyano zuwa kwamfuta, yanzu har ya shiga waya. Fiyano ya fi ƙarfi a wajen juriya da ƙarancin cin wuta da aikin dandali. Manhaja ta fi ƙarfi a wajen yawan amo da gyaran aiki da naɗar kayan kiɗanmu na gida. Mai farawa ya dubi aljihunsa da garinsu da irin aikin da yake sa rai, ya zaɓi ɗaya ya ƙware a kanta, sannan ya ƙara ɗayar idan hali ya yi.

Ma'anar wasu kalmomi

*amo*: sautin da kunne yake ji daga abin kiɗa ko wani abu.
*maɓalli*: abin da ake dannawa a jikin na'ura, jam'insa maɓallai.
*samfuri*: ɗan yankin sauti da aka naɗa domin a riƙa maimaita shi.
*kadara*: abin mallaka mai daraja wanda ake iya sayarwa.
*na hannu*: kayan da wani ya riga ya yi amfani da su.
*karin sauti*: hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi biyu da na'ura take bi wajen samar da sauti.
2. Wace rawa finafinan Hausa suka taka wajen yaɗuwar kiɗan fiyano?
3. Wata na'ura tana cin wat 25. Kwana nawa wat-awa 600 za su riƙe ta idan ana aiki da ita awa 4 kullum?
4. Me ya sa fiyano mai araha ba ya iya kwaikwayon kalangu sosai?
5. Kawo kalmomin Hausa biyu waɗanda karin sauti yake sauya ma'anarsu, ka sa kowace a jimla.
6. Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: kiɗan fiyano ya amfani makaɗan gargajiya ko ya cutar da su?